Ƙarar Keken Yaya Isuhu

Watan nan da muke ciki ya cika shekara goma sha huɗu da rasuwar yayana Isuhu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, mai lambu ne kawai, mai keke. Amma in kun tambayi tsofaffin masu sayar da kayan miya a kasuwar Ƙonni, za su ce muku, "Allah sarki, mai keken nan mai ƙara?" Da wannan ƙarar aka san shi. Maganarta ce kuma ta kawo ni shafin nan yau, don bana ta dawo mini ta hanyar da ban taɓa zato ba.

Ni Sa'a ce, ƙanwarsa, tela ce ni a cikin garin Ƙonni. Ƙauyenmu yana can kan hanyar Bazaga, a nan Yaya ya zauna da iyalinsa da mahaifiyarmu, Inna. Kekensa baƙi ne, irin na da, mai nauyin tsiya, da kariya a baya wadda maƙeri ya ƙara wa ƙarfe don ta ɗauki buhun albasa. Da shi yake kai kabeji da salati da tattasai kasuwannin ƙauyuka, ya fita da sanyin safiya, ya dawo da la'asar. Duk juyin feda ɗaya sai keken ya ce ƙwas. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun daga bakin rijiyar gari har ƙofar gida. Wallahi ƙarar nan ta sha ba ni haushi. Na sha ce masa, "Haba Yaya, mutum da girmansa da iyalinsa, ana jin ka tun daga nesa kamar mai tallan kwano? Ka kai a gyara mana!" Sai ya yi dariyar nan tasa marar sauti, ya ce, "Ana ji na ko? To ai shi ke nan." Ni kuwa na ɗauka rowa ce irin ta masu lambu, na kuma sha faɗa masa haka a gaban idonsa.

Dole in faɗa muku yadda yake tsakaninsa da Inna, don ƴan yanzu ba lalle su gane ba. Yaya ɗan fari ne. A wajen matan zamanin Inna, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna an damu da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Isuhu a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mai keke". In ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta kawar da kai ta amsa a taƙaice, kamar baƙo ne ya zo tambayar hanya. Daga baya yanar ido ta kama ta, ta daina gani sam. Kullum da la'asar sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin bedin tsakar gida, wai iska take sha. Da zarar ƙarar nan ta taso daga nesa, sai ta juya wajen Rabi, ƴar Yaya, ta ce, "Ke, duba randa ko da ruwa." Ba ta taɓa cewa ruwan na wane ne ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Ranar kasuwar Tsarnawa ce abin ya faru, rana tsaka, yana hanyar dawowa. Wata babbar mota ce ta kwashe shi a gefen kwalta. Ba zan tsaya kan wannan ba, har yau ba na iyawa. An kai shi likita, bai kwana ba. Keken kuwa a kan amalanken jaki aka kawo shi washegari, tayar gaba ta naɗe, kansa ya juya yana kallon sirdi. Aka jefa shi ɗakin da ake ajiye harawa, aka ja ƙyaure.

Inna ba ta yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suna ta yaba mata, wai ga mace mai tawakkali, wai ga kara irin ta mutanen da. Ni da na san uwata, na san ba haƙuri ba ne. Kunyar ɗan fari ce ta toshe mata maƙogwaro, ta hana ta ko ambaton wanda ta rasa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Fura sai a yi ta lallashi kafin ta kurɓa. Zanenta ya fara yi mata yawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ba ta fasa zaman la'asar ba. Tana nan a gindin bedi, ta karkata kai wajen hanya, har a kira magariba, sa'an nan ta lalubi bango ta shiga ɗaki. Duk wanda yake da ido ya san tsohuwar nan bin ɗanta take shirin yi, kuma ba mu da abin da za mu riƙe ta da shi.

Matar Yaya ta gama takaba ta koma wajen iyayenta a Illela, aka bar Rabi wajen kakarta. Da aka zo rabon gado, keken ya faɗa kason yarinyar, don ba mai so. Wasu suka ce a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, wasu suka ce abin da jini ya taɓa gara a yi sadaka da shi. Ana cikin haka sai sakamako ya fito, Rabi ta ci jarrabawar shiga kwaleji a Ƙonni. Tafiyar ta fi ƙarfin ƙafar yarinya ƴar shekara goma sha biyu, ita kuma ta rantse ba za ta rabu da Inna ta dawo wajena da zama ba. Dangi suka fara cewa to ai sai ta haƙura da lakwal, wato karatun boko. Na ce ba a haifi mai hana ta ba. Na sa aka fito da keken daga cikin harawa, aka ɗora a amalanke, sai rumfar Ɗanjuma.

Ɗanjuma mai gyaran keke abokin Yaya ne tun suna yara, rumfarsa tana kusa da tashar motar Ƙonni. Da ya ga abin da aka sauke masa sai ya tashi ya shiga bayan rumfa, ya daɗe, ya dawo yana goge fuska da hularsa. Ya kifa keken a kan sirdi, ya fara kwancewa. Ni da Rabi muna zaune a kan benci muna kallo.

Da nufi ɗaya na je: a canza komai. Ba na son ko ƙusa ɗaya da ta ga ranar nan ta rage. Gargaren gaba, ƙarfen da taya ke zama a kai, dai ba magana, ya tashi daga aiki. Ɗanjuma ya ɗauko guda biyu, ɗaya sabo fil mai ƙyalli da aka shigo da shi daga tsallaken iyaka, ɗaya tsoho da ya ciro daga wani mataccen keke. Na nuna sabon. Ya miƙo mini su ya ce in ɗaga. Sabon ba nauyi, tsohon kuwa sai da na sa hannu biyu. Ya ce hanyarmu ba kwalta ba ce, rami ne da tsakuwa. Muka yi ta ja, don ni ba a saurin tanƙwara ni, a ƙarshe muka ɗauki tsohon, aka sa masa sababbin wayoyi. Sai ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, wanda suke kira furshi. Wani mai gyara da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce ai a sa a wuta a miƙe shi, zai yi. A nan kam ni da Ɗanjuma bakinmu ɗaya. Ƙarfen da ya taɓa lanƙwashewa aka gasa shi, ranar da zai karye ba ya sallama, kuma ƴar marainiya ce za ta hau. Aka sa sabo. Aka canza kai, aka canza robar birki gaba da baya, aka cire robar da Yaya yake riƙewa, wadda ban yarda na kalle ta sau biyu ba. Sirdi aka bari, sai dai an sauke shi ƙasa sosai. Ƙararrawa Rabi ce ta zaɓa da kanta. Duk ƙarfen da aka jefa kan tarin tarkace, sai in ji ƙirjina ya ɗan yi sauƙi.

Wani lokaci nakan ce, da Yaya zai leƙo yau ya ga Ƙonni, me zai ce? Hanyar da yake bi shi kaɗai da jakuna, yanzu ƴan kabu-kabu ne ke tsere a kanta, yara ƙanana a kan babura kamar an kore su. Masu gyaran keke duk sun koma gyaran babur, in ban da irin su Ɗanjuma da girma ya hana su sake sana'a. Kayan gyaran da ake kawowa kuwa, ka murɗa da hannu su lotse. Na san zai tsaya ya juya su, ya taɓe baki, ya ajiye. Abin da na tabbata zai ba shi dariya shi ne waya. Yanzu mutum tun yana tasha yake bugowa, ga ni nan tafe, ga ni a kwana, ga ni a ƙofa. Na sha tunanin ko da ya ga zamanin da kowace tsohuwa take da waya a ƙullin zane, da ya saya wa Inna. Ina jin ba zai saya ba. Me za ta ce masa a ciki, ita da ko sunansa ba ta kira?

Mu koma rumfar Ɗanjuma. An gama gaba, aka zo tsakiya. Akwai murfin kwano da ke rufe sarƙa don kada ta ci wando. Na ga ya lotsa a wuri ɗaya, ya turo waje, fenti ya goge a wurin har ƙarfe yana ƙyalli. Na ce wannan ma motar ta taɓa shi, a cire a sa sabo. Ɗanjuma ya tsaya da sufana a hannu.

"Wanga ba mota ta yi shi ba, Sa'a."

Ya kama feda ya juya a hankali. Hannun feda ya zo daidai wurin, ya doki murfin. Ƙwas. Rabi ta miƙe tsaye tana waige-waige, ni na san wa take nema.

"Shi ya lanƙwasa shi da hannunai," in ji Ɗanjuma. "Shekarar da idon Inna ya tahi. Duk sa'ad da ya kawo gyara sai in miƙe shi, in ya dawo in iske ya maida. Rannan na yi mai faɗa, na ce kana ɓata min suna, mutane za su ce ban iya aiki ba. Sai ya ce, Ɗanjuma, tsohuwa ba ta gani, kuma ba ta iya tambaya ko na dawo. Da wanga take ganina."

Na zauna. Shekara da shekaru ina zagin mutum da rowa, ashe sallama yake yi wa uwarsa. Na tambayi Ɗanjuma me ya gani. Ya ce shi dai in ta tasa ce a cire, don ko shi ba ya son ya ƙara jin ƙarar nan ta wuce gaban rumfarsa ba mai ita. Amma ya ce ba uwarsa ba ce, ba kuma kekensa ba ne.

Jama'a, ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar nan ba. In na bari, kullum da la'asar makauniyar da ba ta da sauran ƙarfi za ta ji mamaci yana dawowa gida. Ina tsoron zuciyarta ta tsaya, ko hankalinta ya gushe, a ce ni na kashe ta. In na cire, za ta ci gaba da zaman nan nata tana sauraron hanyar da ba abin da zai fito daga cikinta, har ta ƙare a zaune. Na dubi Rabi, ita kuma ta sunkuyar da kai tana wasa da sabuwar ƙararrawarta. Abin da na yi, ba don wayo ba, sai don na kasa yanke shawara: na sayi sabon murfi na cusa a jaka, na ce a bar tsohon na yini ɗaya. In abin ya ɓaci, gobe da sassafe a canza.

Na riga Rabi isa gidan Inna a kan kabu-kabu. Ban gaya mata komai ba. Na same ta a gindin bedi, na zauna kusa da ita ina ta surutun banza a kan tsadar atamfa. Rana ta yi sanyi. Awaki suka fara shigowa. Can sai na ji ta, siririya, daga wajen rijiya. Ƙwas. Ƙwas.

Inna ta riga ni ji. Na ga bayanta ya miƙe. Ta dafa ƙasa, matar da sai an kama ta take tashi, ta miƙe tsaye ita kaɗai. Ta miƙa hannu gaba. Sai ta buɗe baki ta ce, "Isuhu."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan da muryarta ba. A hankali ta faɗe shi, kamar mai tsoron kada ya fashe. Na kama zanenta ina cewa a raina shi ke nan, na yi kisa. Ƙarar tana ta matsowa. Inna ta karkata kai, ta saurara, ta daɗe tana saurare. Sa'an nan hannunta ya sauka.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Ƙahwar ba ta da nauyi. Shi ba ya sauri haka. Rabi ce."

Yarinya ta shigo tana jan keke, ta tsaya cik. Inna ta ce a kawo mata shi. Ta bi shi da hannu tun daga kai, tana wuce sababbin ƙarafan ba ta tsaya ba, ta shafa sirdi, ta gangara har yatsunta suka sami wurin da ya lotsa. A nan ta durƙushe. Kukan da ta riƙe tun ranar rasuwarsa ya ɓalle, tana kiran sunansa tana maimaitawa, har maƙwabta suka shigo a guje. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri, ni ma ban bari an ce ba. Da ta gaji ta share fuska da gefen mayafi, ta juya inda take jin numfashina ta ce, "Ke kuma kina zaune, ba ki duba randa ba? Ɗiya ta sha hanya." Ranar ta ci tuwo, ta ce miyar ba gishiri.

Shekara shida ta ƙara a duniya bayan haka. Kullum da la'asar tana gindin bedi, Rabi na dawowa daga kwaleji da ƙarar ubanta. Ba ta sake kiran sunansa a gabanmu ba, ta koma "wancan" ɗinta, amma takan ba da labarinsa, har da na ƙuruciyarsa da ba mu taɓa ji ba. Sabon murfin kuwa ya shekara da shekaru ƙarƙashin gadona cikin takardarsa, ban ko kwance igiyar ba.

Rabi ta girma, ta yi karatun ungozoma, tana aiki a gidan haihuwa a nan Ƙonni, tana da aurenta da ɗanta da baburinta. Keken ya koma kwana a zaurensu, kaji na hawa. Ni kuma bara na fara lura zare yana ƙin shiga allura. Na ce allurar ce. Sai na fara ganin hayaƙi-hayaƙi a fuskokin mutane, in mai ɗinki ta tsaya a ƙofa sai ta yi magana nake sanin ko wace ce. Ban gaya wa kowa ba. Ina da baki, na iya rufe abu da faɗa da barkwanci, na kuma ɗauka na rufe. Wannan rubutun ma da safe nake yin sa, da manyan baƙaƙe, fuskata kusa da takarda.

Wata Juma'a da ta wuce, da la'asar, ina zaune a tsakar gida, sai na ji ta daga bakin lungu. Ƙwas. Ƙwas. Rabi ce ta shigo da sallama, tana haki, ta jingine shi a bango. Na ce, "Ke lafiyarki? Ina babur ɗin, za ki hau wannan tsohon ƙarfe kamar ubanki?" Ta ce, "Mai ya yi tsada, Gwaggo." Na bi ta da tsiya, ta yi dariya. Juma'ar da ta biyo ma da shi ta zo, da wadda ta biyo bayanta.

Sai da na bi ta rumfar Ɗanjuma na ji sauran. Ya tsufa, hannunsa na rawa, amma yana nan. Ya ce ta kawo masa keken, ya sa taya, ya sa sarƙa, ya sa birki, ta ce komai ya canza in ya ga dama, ban da murfin. Har ta sa ya juya feda a gabanta don ta tabbata yana bugawa. "Ban tambaye ta dalili ba, Sa'a," ya ce. "Ke ma kada ki tambaya." Na juya na tafi ina laluben hanya, ina jin kunya, ina jin daɗi, ina kuma jin tsoron abin da ke zuwa.

An ce mini yanzu ana yin aikin yanar ido a warke, ba kamar zamanin Inna ba, Rabi ma na san tana nan tana shirya yadda za ta kai ni ba tare da na yi mata gardama ba. Allah ya sa a dace. Ko an dace ko ba a dace ba, na riga na aika wa Ɗanjuma sabon murfin nan, na ce ya sa wa duk wanda ya ga dama.

Yau in ka duba keken, kusan ba abin da ya rage wanda hannun Yaya ya taɓa sai gangar jikin da wannan lotsattsen kwano. Lambunsa wani ke nomawa. Hotonsa ɗaya ne, shi ma ya dushe, ko kuwa idona ne. Ban san me zai ce game da babura da wayoyi ba, amma na san da zai ji ƴarsa ta bi lungunmu da ƙarar nan, dariyarsa marar sauti zai yi, ya ce ana ji ko, to ai shi ke nan. Allah ya jiƙan ka, Yaya Isuhu, ya jiƙan Inna, ya haɗa ku inda ba kunya tsakanin uwa da ɗanta.

Ni dai yanzu ranar Juma'a da la'asar tabarma nake shimfiɗawa a tsakar gida. In an tambaye ni, iska nake sha. Da ta taso daga bakin lungu, kafin hankalina ya ce mini Rabi ce, akwai ɗan lokacin da nake jin kamar shi ne. Sai in dafa ƙasa in tashi, in je in duba randa ko da ruwa.